Shin Ko Kun San? Gida Kusa Da Filin Jirgi: A Bar Kunne Ya Zaɓa

Shin ko kun san gida biyu za su iya zama nisa ɗaya da filin jirgin sama, a ɗaya ana barci har da minshari, a ɗayan kuwa ko waya ba a iya amsawa? Ƙwarai kuwa! Ƙarar jirgi ba zagaye fili take yi ba. Doguwa ce, siririya, tana bin bakin titin jirgi gaba da baya. Gidan da ke gefen titin da kilomita 3 yana iya samun lafiya. Wanda ke saitin bakin titin kuwa, ko kilomita 10 ne tsakaninsu, ta kansa jirgi zai bi. To ku gyara zama, abin mamaki na gaba.

Titi da iska

Shin ko kun san jirgin da ke shirin sauka a hankali yake gangarowa, a kan digiri 3 kacal? Ku yi lissafi. Duk kilomita ɗaya, mita 52 yake saukowa. Idan saura kilomita 10 ya taɓa ƙasa, tsakaninsa da rufin gidanku kamar mita 520 ne. Saura kilomita 5, mita 260. Saura kilomita 2, ɗari da 'yan kai! A nan har ƙusoshin cikinsa za ku ƙirga.

Kun taɓa lura da manyan lambobin da ake rubutawa a bakin titin jirgi? Ba ado ba ne. Alƙibla ce! A ƙara sifiri a bayan lambar, sai ta faɗa muku inda titin ya fuskanta. 09 gabas ne, 18 kudu, 27 yamma, 36 arewa. Titunan filin Murtala Muhammed na Legas 18 da 36 ne, wato kudu da arewa. Na Diori Hamani a Yamai 09 da 27, gabas da yamma. Lamba biyu kacal, amma sun nuna muku unguwannin da za su sha rugugi.

Ga wata kuma. Jirgi iska yake fuskanta, ko zai tashi ko zai sauka. Iskar da ke bugun gabansa ce ke taimaka masa ya ɗaga da wuri, ya kuma tsaya da wuri. Iska ta juya, jirage su juya. Unguwar da ta wuni shiru jiya, yau ita ce a ƙarƙashinsu.

Yanzu ku duba Kano. Babban titin filin Malam Aminu Kano lambarsa 06 da 24, tsawonsa ya haura kilomita 3. Wato arewa maso gabas da kudu maso yamma. Daga ina iskar hunturu ke zuwa? Arewa maso gabas. Ta damina fa? Kudu maso yamma. Kun gani? Titin kwance yake a kan hanyar iskokin nan biyu! Shi ya sa wanda ya duba gida a Janairu bai ji abin da zai ji a Agusta ba.

Shin ko kun san jirgi ya fara sauka a Kano tun ranar 1 ga Nuwamba, 1925? Jirage 3 ne na sojan saman Ingila, daga Masar suka taso, suka sauka a filin wasan dawaki. Filin jirgin kansa ya fara aiki a 1936, shi ne mafi tsufa a Nijeriya. A lokacin bayan gari yake. Yau Kurna, Gwammaja, Jaba, Fanisau da Nomansland duk maƙwabtansa ne. Fili yana nan inda yake, gari ne ya taka ya same shi.

A Heathrow na Landan, kusan kashi 70 cikin 100 na shekara jirage yamma suke fuskanta, don haka ta saman birnin suke shigowa. Sai aka yi wa mutane rabon wahala. Ƙarfe 3 na rana daidai ake musayar titi: wanda ake sauka a kai ya koma na tashi. Wata unguwa ta sha da safe ta huta da yamma, wata ta huta da safe ta sha da yamma. Akwai masu ɗora bikin gida a kan wannan jadawali. Tirƙashi!

Lissafin kunne

Ƙara ma tana da mudu, sunansa desibel. Raɗa 30 ce. Hira ta yau da kullum 60. Titi mai cunkoso 80 zuwa 85. Jirgi mai tashi, idan kuna dab da shi, 140! Amma ku yi hattara, wannan mudu da wayo yake. Duk ƙarin 10, kunne yana jin ƙarar ta ninka. Don haka 80 ba "ɗan fi 70" ba ce. Ninkinta ce.

To jirgi biyu masu desibel 80 kowanne, nawa ke nan? 160? A'a! 83 kacal. Ikon Allah!

Ga ta nisa. Duk lokacin da kuka ninka tazara tsakaninku da abin da ke ƙara, desibel 6 ne ke raguwa. Daga mita 250 zuwa 500, an rage 6. Daga 500 zuwa 1,000, an sake rage 6. Ana son wasu 6 ɗin? Sai an kai mita 2,000. Matsawar farko ita ce mai riba.

Shin ko kun san inda kuke jin jirgi ba nan yake ba? Sauti daƙiƙa 3 yake ɗauka ya ci kilomita ɗaya. Jirgi mai sauka kuwa yana cin kamar mita 70 a daƙiƙa. Idan yana nisan kilomita ɗaya, kafin ƙarar ta iso kunnenku, ya yi gaba da mita 200. Shi ya sa yara ke ɗaga kai su duba wuri, su ga wayam.

Kun lura jirgin asuba ya fi na azahar amo? Ba barci ne ke ruɗa ku ba. Da dare da sanyin safiya iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai sauti ya lanƙwaso ƙasa maimakon ya tsere sama. Haka idan iska na kaɗowa daga fili zuwa gidanku, ƙarar take ɗaukowa ta kawo muku har ƙofa.

Zafi ma da nasa. A tsananin bazara iska ba ta da kauri, fuka-fuki ba sa samun abin kamawa sosai. Jirgi sai ya yi dogon gudu, ya hau sama a hankali. Idan kuma maƙare yake da mai da kaya, ya ƙara jinkiri. Ku tuna lokacin jigilar maniyyata: manyan jirage, cike taf, a kowane lokaci na dare ko rana. Wanda bai kwana a unguwa a wannan lokaci ba, bai gama saninta ba.

Dare ya fi tsada

Shin ko kun san a lissafin hukumar jiragen saman Amurka jirgi ɗaya na dare daidai yake da 10 na rana? Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 7 na safe, duk jirgin da ya wuce ana ƙara masa desibel 10 a takarda. Horo ne na musamman saboda barcin mutane. Idan matsakaicin ƙarar yini ya kai 65, hukumar na ɗaukar wurin bai dace da gidajen zama ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta fi tsanani. A 2018 ta ba ƙasashen Turai shawarar kada ƙarar jirgi ta wuce 45 a matsakaicin yini, da 40 da dare. Ta mota 53 aka sa mata, ta jirgin ƙasa 54. Kun ji fa! Ko da mudu ya nuna lamba ɗaya, ta jirgin sama ta fi ci wa mutane rai. Daga sama take faɗowa, babu ɗakin da za a gudu.

A 2021 hukumar Amurkan ta fitar da sakamakon tambayar mutum sama da 10,000 a kewayen filaye 20. Tsohon lissafinta ya ce mutum 12 cikin 100 ne ke matuƙar damuwa a matakin 65. Sabon ya nuna kusan biyu bisa uku! Jirage sun rage ƙara, haƙurin mutane ya fi su raguwa.

Akwai filayen da ke kulle ƙofa da dare. Frankfurt ta Jamus, tun Oktoban 2011, babu tashi babu sauka daga 11 na dare zuwa 5 na asuba. Sydney ta Ostireliya daga 11 zuwa 6, kuma doka ta hana wuce jirgi 80 a awa ɗaya. Itami ta Osaka a Japan ta fi kowa saurin barci: ƙarfe 9 na dare an tashi kasuwa! Dubai kuwa ba ta runtsawa, tsakar dare ma cikar kasuwa ce.

Heathrow fa? Jirgi 480,000 aka ƙayyade masa a shekara, sama da 1,300 kullum. Tsakanin 11:30 na dare da 6 na safe, 5,800 kawai aka yarda a shekara, kamar 16 a dare. Na farko kan iso wajen 4:30 na asuba. Mutanen unguwar Hounslow da ke dab da filin ba sa buƙatar agogo.

Su kuma maƙwabtan Frankfurt, bayan an buɗe sabon titi a 2011, sai suka mai da Litinin ranar gangami. Ina? Cikin ɗakin fasinjoji! Da usur, da ganguna, da murfin tukwane. Shekara da shekaru suna yi. Ku ɗanɗana abin da muke sha, in ji su.

Jiki yana ji, ko an yi barci

"Ai za ku saba." Duk dillali ya haddace wannan. To shin ko kun san kunne ba shi da murfi? Masu bincike a Turai sun ɗaura wa mazauna kusa da filaye na'urar awon jini suka bar su suka kwanta. Jirgi ya wuce, jini ya ɗaga, alhali mutum bai ko motsa ba. Da safe ya rantse barci ya yi lafiya lau.

A 2013 mujallar likitocin Ingila ta BMJ ta buga binciken mutum miliyan 3.6 da ke kewayen Heathrow. A unguwannin da suka fi shan ƙara, kwanciya asibiti saboda shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya ta fi yawa da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Ba ƙaramin abu ba ne.

Ga wadda ta fi ban mamaki. Birnin Munich ya kwashe filin jirginsa cikin dare ɗaya! Ranar 16 ga Mayu, 1992 aka rufe tsohon, kashegari aka buɗe sabon. Masana suka bi yara sama da 300 kafin ƙaura da bayanta. Yaran tsohon fili, karatunsu da haddarsu suka gyaru. Yaran sabon fili, nasu suka ja baya. Jirgi ya yi ƙaura, matsala ta bi shi.

A 2005 aka fitar da sakamakon gwajin yara 2,844 a makarantu 89 kusa da filayen Landan, Amsterdam da Madrid. Duk ƙarin desibel 5, fahimtar karatu na jinkiri da wata 2 a Ingila, wata 1 a Holan. Ku shiga ajin ku gani. Malama tana tsakiyar jimla, alli a hannu. Rugugi ya taso. Ta yi shiru, yara suka zuba mata ido, gilashin taga na kaɗawa. Daƙiƙa 20, 30. Ta ce, "To, ina muka tsaya?" Bayan minti ɗaya da rabi wani ya sake tasowa. Don haka ba gida kaɗai ake dubawa ba, har makarantar yara da Islamiyyarsu.

Kaji a Kotun Ƙoli

Shin ko kun san kaji sun taɓa ja da gwamnatin Amurka? Wani mai kiwo, Thomas Lee Causby, gonarsa na kusa da filin Greensboro a Arewacin Carolina. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen soja suka riƙa wucewa mita 25 a saman gonar. Kaji suka riƙa firgita suna karo da bango. Kamar 150 suka mutu! A 1946 Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ta ci haƙƙinsa, sai ta biya diyya. Daga nan doka ta san cewa mai gida yana da rabo a iskar da ke dab da rufinsa.

Tsuntsaye ma sun canza jadawali. A kusa da filayen Madrid da Berlin an gano suna fara kukan asuba da wuri, kafin jirage su soma. A Manchester kuwa an samu wani ɗan ƙaramin tsuntsu ya zama mafaɗaci. Aka kunna masa kukan ɗan'uwansa a lasifika, na kusa da fili ya fi na nesa kai hari ninki 5. Har tsuntsu ƙara na sa wa zafin kai!

A 1964 aka mai da birnin Oklahoma wurin gwaji. Jiragen da suka fi sauti gudu suka riƙa fasa tsawa a kansa, sau 8 a yini, wata 6 cur. Jimilla 1,253! Tagogi suka farfashe, bango ya tsattsage, ƙorafi ya kai wajen 15,000. A 1973 Amurka ta hana jiragen fasinja irin wannan gudu a saman ƙasarta. Shi ya sa Concorde, jirgin fasinja da ya fi sauti gudu, har ya yi ritaya a 2003, a saman teku yake sakin jiki.

Ku riƙe wannan. A 2015 filin Reagan na Washington ya karɓi ƙorafi 8,760. Guda 6,852 daga gida ɗaya suka fito! A Dublin ta ƙasar Ayilan, mutum ɗaya ya aika sama da 23,000 a 2022. Wato 64 kullum, har ranar hutu. Tabɗijam! Saboda haka yawan ƙorafi ba ya auna ƙarar unguwa. Rashinsa ma haka.

Dabarun ɗan Adam

Shin ko kun san kunyar gona na shanye rugugin jirgi? A 2003 filin Schiphol na Holan ya buɗe sabon titi, mutanen garin Hoofddorp da ke kusa suka kasa sakat da wani gurnani mai bin ƙasa. Sai aka lura yana raguwa duk lokacin da manoma suka yi huɗa. Ashe kunyoyi ke tarwatsa shi! Aka kira injiniyoyi da wani mai zane, Paul de Kort. A 2013 suka tayar da kunya 150, kowace tsayinta mita 3, tsakaninsu mita 11. Ciyawa ta rufe su, masu keke na bi ta kwarin. Ilimin manomi ya ceci birni.

Ginin ƙasa fa? A wata makarantar yara a Hounslow, inda jirage ke wucewa ƙasa-ƙasa, an gina ɗakuna masu tulluwa da buhunan ƙasa, fasahar wani magini ɗan Iran, Nader Khalili. A ciki yara ke wasa da sauraron tatsuniya. A 2013 Heathrow ya ware fam miliyan 1.8 don a yi wa makarantu 21 irinsu. Sirrin nauyi ne: bango mai kauri ba ya barin sauti ya ratsa. Soron kakanninmu, mai tubali da azara, da ma haka yake!

Kun taɓa jin wani jirgi na fito mai tsini tun yana nesa? Tsofaffin Airbus A320 ne. Ba inji ba ne. Wasu ƙananan ramuka ne a ƙarƙashin fuka-fuki, iska na bi ta bakinsu kamar yaro na hura bakin kwalba. Maganin? Ɗan guntun ƙarfe a gaban kowane rami. Kamfanin jirage na Lufthansa ya fara maƙala shi a 2014. Shi ke nan, fito ya mutu.

Jirgi mai sauka ma, ba inji kaɗai ke ihu ba. Tayoyi da aka sauke da faffaɗan da aka buɗe a fuka-fuki suna yaga iska, ƙararsu na gogayya da ta inji. Idan kun ji sautin ya canza farat ɗaya a saman gidanku, taya aka saki.

Injin zamani ƙato ne, amma ya fi na da ladabi. Farfelar injin GE9X faɗinta mita 3.4! Tana tura iska mai yawa a hankali, maimakon kaɗan da ƙarfi. Ku duba bayan injin Boeing 787, za ku ga haƙora irin na zarto. Aikinsu gauraya iska mai zafi da mai sanyi ba tare da hayaniya ba. Irin jiragen da ke amfani da fili ma abin tambaya ne: sababbi ne, ko tsofaffin 'yan dakon kaya?

A filin London City jirage a kan digiri 5.5 suke sauka, kusan ninkin na kowa, don su daɗe a sama. A filin John Wayne na Kalifoniya kuwa matuƙi kan ɗaga da ƙarfi, ya miƙe sama, sannan ya rage wuta a saman gidajen Newport Beach. Fasinja sai ya ji kamar inji ya mutu. Hantar baƙo ta kaɗa, masu gida su sha shayinsu.

Japan ta gaji da shari'a da maƙwabta, sai ta gina fili a cikin teku. Kansai, 1994, tsibirin da aka ƙirƙira kilomita 5 daga gaɓa. Yana aiki dare da rana. Matsalarsa ɗaya: nutsewa yake, ya riga ya yi ƙasa da fiye da mita 10!

Masu tashi da masu zama

Kusa da Paris akwai tsohon ƙauyen Goussainville. A 1974 aka buɗe filin Charles de Gaulle, titinsa ya saiti ƙauyen. Mutane suka kwashe. Hukumar filin ta sayi gidaje, amma ba damar rushewa saboda wani tsohon coci mai tarihi da ke wurin. Aka toshe tagogi da bulo. A 2009 aka sayar wa garin gidajen a kan yuro 1. Ɗaya tak!

A Sydney, bayan titi na uku a 1994, gwamnati ta sayi gidaje sama da 150 a unguwar Sydenham ta rushe. Wurin ya zama lambun shaƙatawa. Me aka kafa a ciki? Ƙatuwar butar shayi da ƙatuwar kujerar falo, don tuna gidajen da suka tafi.

Manoman da ke kewayen filin Narita na Japan kuwa cewa suka yi ba inda za su. An buɗe filin a 1978, amma titi na biyu sai 2002, kuma maimakon mita 2,500 aka tsaya a 2,180 saboda gonakin da aka ƙi sayarwa. Akwai gonar da hanyoyin jirage suka yi wa ƙawanya. Mai ita na cirar kayan lambu, jirgin Amurka na wucewa ta bayansa.

Tsohon filin Kai Tak na Hong Kong fa? Matuƙi sai ya nufi wani tudu mai fentin ja da fari, ya karya dama digiri 47, ya ratsa saman benaye. Fasinjoji na hango shanya a baranda. An rufe shi a Yulin 1998.

Wasu kuma kuɗi suke kashewa su je su ji! Layin Myrtle a gefen Heathrow kullum cike yake da masu kyamara da kujerun naɗi. A Accra, unguwar Airport Residential na cikin mafi tsada a birnin, ga ta dab da Nima da Mamobi, inda Hausa ke tashi a kowane lungu. Kusanci da fili ba laifi ba ne. Saitin titi ne abin dubawa.

Kafin ku ba da kafin alƙalami

Shin ko kun san ƙara na da farashi? Binciken cinikin gidaje a Amurka ya nuna duk ƙarin desibel 1 na rage darajar gida da kamar rabin kashi ɗaya cikin 100. Desibel 10, kashi 5 zuwa 6 sun tafi. In kun ga haya ta faɗi warwas a saitin titi, ku tuna araha ba ta ado.

Katanga? Ba ta tare abin da ke zuwa daga sama. Layin darbejiya? Inuwa ce kawai. Rufi da taga su ne ƙofar ƙara. Kwano marar silin shi ne mafi rauni, rufin kankare ya fi shi nesa ba kusa ba. Tagar da aka ɗan buɗe na rage kamar desibel 15, wadda aka rufe ruf 25. Amma wa zai rufe taga a Afrilu an ɗauke wuta? Mu da ke fitar da tabarma tsakar gida mu kwana, ƙarar waje ita ce tamu.

Dillali ya san lokacin da zai kai ku. Sha biyun rana, sama shiru, yana nuna muku tayil da rijiyar burtsatse. Ku yi godiya. Sannan ku dawo ku kaɗai bayan sallar asuba. Ku sake dawowa bayan isha'i. Ku tsaya a ɗakin da za ku kwana, taga a buɗe, ku kira wani a waya. In jirgi ya wuce kun ce "Me ka ce?", kun samu amsa.

Wayarku ma ma'aikaciya ce. Buɗe taswira, ja layi daga bakin titin jirgi zuwa kilomita 10 ta kowane ɓangare, ku ga ko gidan na kai. Manhajar Flightradar24 na nuna jiragen da ke sama a daidai lokacin, da tsayinsu da inda suka nufa. Akwai kuma manhajojin auna desibel kyauta. Ba su kai na'urar ƙwararru ba, amma za su bambance muku layi da layi.

Kada ku tambayi mai gida. Ku tambayi mai shayin bakin layi, da ladan, da mai gadi, da matar da ke da jariri. "Baba, ƙarfe nawa na ƙarshe ke wucewa?" "Hajiya, da damina ma haka ne?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta ƙarshe, ita ce ta fi ba da tsoro. Hanyar sama ma ana canza ta! A Satumbar 2014 aka sauya wa jiragen Phoenix ta Amurka hanya zuwa sabon tsarin tauraron ɗan Adam, wanda ke sa kowane jirgi bin sawun na gabansa daidai wa daida. Unguwannin da ba su san jirgi ba suka wayi gari a ƙarƙashinsa. Sai a 2017 kotu ta soke sauyin. Shekara 3 ana fama! Don haka bayan kun tambayi ta ina jirage ke bi yau, ku tambayi ina za a shimfiɗa sabon titi gobe. Abuja ta daɗe tana shirin titi na biyu. Kuna da ɗan'uwa mai neman fuloti a hanyar filin jirgi? Ku kai masa labari kafin ya biya la'ada!